Mai Layi da Dillalin Ƙofar Lambu

Ƙanena ya yi shekara talatin da ɗaya yana zana layi a kan titi. In ka taɓa ajiye mota a cikin akwatin da aka zana a bakin hanya, mai yiwuwa gwiwoyinsa sun riga tayarka taɓa wurin. Hukumar gari ta ɗauke shi yana ɗan shekara ashirin da uku, ta ba shi igiya da alli da injin fenti da ake turawa kamar baro. Da ta gama da shi ta ba shi agogon bango, wanda ya tsaya kafin shekara. Kowa Mai Layi yake ce masa. Ni kaɗai nake kiransa Auta, don ni na goya shi.

Ba zan yi masa kwalliya don ɗan'uwana ne ba. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya hira, kuma in ka shiga motarsa ka shiga aji, kowane allo da ke bakin titi sai ya karanta maka shi da ƙarfi. Ranar da muka ɗauko gawar mijina ma bai fasa ba. Ina baya ina share hanci, shi yana gaba yana cewa wanda ya zana kwanar asibiti bai ja igiya ba.

Ya sha gaya mini, ko da yake ko keke ban taɓa tuƙawa ba: "Yaya, mutane ƙasa kawai suke kallo. Layi rabin magana ne, sauran rabin yana sama. Layi ya gaya maka ina, allo ya gaya maka yaushe, kibiya ta gaya maka daga ina zuwa ina." Shekara arba'in yana tuƙi ba a taɓa manna masa takardar tara a gilashi ba.

Kuma yana da riƙo. Yana ɗan shekara tara wani ɗan kawunmu ya taka masa motar da ya ƙera da waya. Bai yi kuka ba, kallonsa kawai ya yi. Bayan wata huɗu, ranar da ɗan kawun zai je karɓar kyauta a makaranta, aka nemi takalminsa ƙafa ɗaya aka rasa. Sai da muka manyanta Auta ya nuna mini rijiyar da ya jefa shi.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Allah ya haɗa su ne don a samu mai magana a gidan. Doguwa ce mai murya, mai tsafta har ta ɓaci, hankici ma sai ta yi masa guga. Rabin unguwarsu ta ajinta suka bi, har sun yi furfura in suka hango ta sai su gyara tsayuwa. 'Ya'yansu uku aiki ya kai su wasu garuruwa, waya suke yi.

Shekara biyu da ritayarsa, wata safiya Malama ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin hagu ya shanye. Ta fito daga asibiti da sanda mai ƙafa huɗu, amma hankali da harshe garau. Likita ya ce magani ɗaya ya rage, tafiya kullum a shimfiɗaɗɗen wuri. In ta zauna ƙafar za ta sandare, daga nan sai gado. Titin gidansu gangara ne, duk ramuka. Wurin da ya dace ɗaya ne, lambun shaƙatawa na tsakiyar gari, inda hanya take kamar tafin hannu, ga inuwa, ga benci kowane taku ashirin.

Wanda bai taɓa neman wurin fakin a bakin lambun nan da safe ba bai san takaici ba. Masu gudun motsa jiki, masu kawo jarirai shan iska, ma'aikatan ofisoshin da ke kewaye, duk titi ɗaya suke wawa. Sai ka ga mota ta zaga lambun sau huɗu kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Amma dab da ƙofa akwai gurbi biyu na masu lalura, kowanne da hoton keken guragu da farin fenti. Auta ne ya zana su a shekararsa ta ƙarshe a aiki. Asibiti ya ba Malama katin da ake ajiyewa a gilashin gaba. Daga ƙofar mota zuwa ƙofar lambu taku goma sha ɗaya ne. Ta fara da benci na farko, cikin wata takwas ta kai na uku. Ni nakan bi su in riƙe jaka.

Sai wani dillalin tsofaffin motoci ya kama shagon da ke manne da shingen lambun. Ƙato ne mai tumbi, da damin makullai a ƙugu, kana jin tafiyarsa kafin ka gan shi. Mai Makullai muka sa masa. Shagon mota uku yake ci, shi kuwa yana da goma sha biyu. Sauran taran ya jera su a bakin titi. Allon wurin ya ce awa biyu, daga takwas na safe zuwa shida na yamma, don haka a nan suke kwana. Da rana kuwa, in awa biyu ta kusa cika, sai ya fito kacau-kacau, ya tura wannan gaba, ya dawo da waccan baya. Masu yankan tikitin tara su ga allin da suka shafa wa taya ya motsa, su wuce.

"Tsakanin kibiya biyu wuri ɗaya ne," in ji Auta yana tsaki. "Ko ka matsa gaba ko baya, ba ka tashi ba." Amma tunda ba a taɓa gurbin Malama ba, bai ce wa kowa komai ba.

Wata Litinin muka iso, babu gurbi. An shafe su biyun da baƙin fenti, an zana dogon akwati rawaya a kai, an rubuta LODI a ciki. Auta ya fito ya durƙusa, ya kankara da farce, ya shinshina, ya ɗora yatsunsa a kan layin.

"Fentin ƙofa ne," ya ce. "Kuma yatsa uku. Na hukuma huɗu ne. Dubi kusurwar nan, ko igiya ba a ja ba."

"Na ƙofa ko na taga, rawaya dai rawaya ne," na ce. "Auta, kar ka ja mana. Mu zaga."

"Mu zaga ina? Ni na zana wurin nan. Yana nan a ƙasa."

Ya gyara fakin a kai, ya ajiye kati a gilashi, muka shiga. Wannan kuskurensa ne, kuma na gaya masa sau ɗari. Ya ɗauka don shi ya san abin da ke ƙarƙashin fenti, mai janwe ma zai sani.

Minti arba'in muka yi. Da muka fito babu mota. Mai Makullai yana jingine da wata jar mota yana sakace haƙori.

"Malam, motar da ke nan fa?" in ji Auta.

"Au, taka ce, tsoho? Janwe ta ja ta. Wurin lodi ne. In ido ya fara mutuwa ai sai a haƙura da tuƙi."

"Wa ya kira su?"

"Ni mutum ne mai bin doka," ya ce, ya yi dariya, makullai suka taya shi.

Malama ta riga ta cinye ƙarfinta na ranar. Tasi ba ta da inda za ta raɓa, motocin dillalin sun cike bakin titin kaf, sai an je kwana, wajen taku ɗari biyu. Na roƙe shi kujera. Ya ce kujerun na masu ciniki ne. Malama ta ce a bar shi, za ta taka. Ba ta yi taku ashirin ba ƙafar ta ƙi, daidai ƙofar shagon. Ta faɗi ta gefen da ya mutu, zani ya kwance. Zan faɗi sauran tunda ita ma yanzu tana faɗa: fitsari ya kuɓuce mata. Mutane suka taru, cikinsu har da wani mai kwat da ya ce, "Subhanallahi, Malama ce!" Tsohon ɗalibinta ne, kuma wannan ta fi faɗuwar yi mata ciwo. Shi ya kai mu gida. Muna ɗaga ta na ji Mai Makullai yana cewa, "A yi a kwashe ta, don Allah, safiya ce, ban yi ciniki ba tukuna."

Tun daga ranar Malama ta ƙi fita, ko ƙofar gida. Auta ya biya tara ya karɓo motarsa. Ya ce zai riƙa kai ta ɗaya ƙofar lambun, ta ce ko a kafaɗa zai ɗauke ta ba za ta ba. Mako biyu, mako uku. Ƙafar ta fara jan ƙasa, daga gado zuwa banɗaki sai an riƙe ta. Likita ya kira mu waje ya ce in aka ƙara wata biyu a haka, mu nemi katifar roba da mai jinya.

Auta ya rubuta takarda zuwa tsohon ofishinsa, inda waɗanda ya sani duk sun yi ritaya ko sun mutu. Bayan kwana goma mai dubawa ya zo, ya tarar da babbar mota zaune a kan wurin, ya leƙa ƙarƙashi ya ga rawaya, ya tafi. "Abin da ke ƙasa muke bi, Baba," suka ce masa.

Ni kam na gaji. Na ce wa Auta ina da ƙusar da zan karce motocin dillalin, ina da lokaci, kuma ba wanda ke zargin tsohuwa. Mota tara, gefe biyu-biyu.

"Wanda ya taɓa mota ya yi laifi, Yaya."

"To je ka kankare baƙin fentin."

"Wanda ya taɓa layi ma ya yi laifi. Kuma washegari zai sake shafawa."

"Sai mu zauna matarka ta ruɓe a gado?"

"Ba zan taɓa komai da hannuna ba," ya ce.

Ya ci gaba da zuwa lambun shi kaɗai, ya zauna a kan dakalin shinge, kansa a ƙasa. Mai gadi ya ɗauka ya fara taɓuwa. Ashe kwata yake kallo. Ganye da yashi sun taru a gindin tayoyin motocin har ciyawa ta tsiro. Motar wanke titi, mai buroshin ƙarfe da ruwa mai ƙarfi, ba ta bi ta wurin ba tun zuwan dillalin, don ba ta samun bakin titi a buɗe.

Ya ce in raka shi sashen shara. Shugaban wurin, wanda ake kira Sarkin Tsintsiya, ya yi shekara shida yana riƙe wa Auta igiya kafin a canza masa sashe. Yana ganinmu ya miƙe.

"Maigida! Har yanzu kana auna layin mutane da yatsa?"

"Har yanzu kana share gari da baki?" in ji Auta. "Titin ƙofar lambu wata bakwai ba a wanke ba."

"Motoci ne, Maigida. In ba koken mutum goma, ba ni da ikon kafa sanarwa."

"Sanarwa kwana biyu a jikin turken allo, a ɗauki hoto. Ƙarfe bakwai duk motar da aka samu a ja ta. Ba a canza ba?"

"Ba a canza ba." Ya ƙanƙance ido. "Maigida, tun yaushe datti ya fara damunka?"

"Buroshinka sabo ne?"

"Watansa ɗaya."

"To a sa ya zauna sosai a bakin ƙofa."

A hanya ya yi mini bayani. Fentin titi da zafi ake zuba shi, yana kama kwalta, buroshi ba ya yi masa komai. Fentin ƙofa kuwa kwanciya kawai yake yi a sama kamar ɓawon ciwo. In dillalin ya ga sanarwa ya kwashe motocinsa, buroshi zai tone gurbin. In bai gani ba, buroshi zai tone gurbin, janwe kuma ta samu abinci.

Ni na tara sa hannu a bakin ƙofar lambun. Ban yi wa kowa ƙarya ba, na ce titi ya yi datti, kuma ya yi. Goma ake nema, na kai arba'in da uku.

Ranar Litinin da sassafe ma'aikaci ya ɗaura sanarwar a jikin turken da ke gaban shagon, jar takarda cikin leda, ya ɗauke ta hoto ya tafi. A jikinta an rubuta Laraba, ƙarfe bakwai. Muna kan dakali muna gani. To wannan turken, a jikinsa Mai Makullai ke ɗaure ƙyallen tallarsa kowace Litinin, wani ƙato mai cewa RANGWAME, sai Asabar yake kwancewa. Ƙarfe takwas ya iso, waya maƙale a kunne yana faɗa da wani. Ya ware ƙyallen, ya zagaya igiya, ya rufe sanarwar ruf. Wata bakwai yana ɗaure abu a jikin turken nan bai taɓa ɗaga kai ya karanta abin da ke kansa ba.

Ya juyo ya gan mu. "A'a, tsoho! Kwana biyu. Ya mai jiki?"

Kalma biyu sun isa: ɗaga ƙyallenka. Na dubi Auta.

"Da sauƙi," ya ce. "Allah ya ba da kasuwa."

Sai da na toshe bakina da mayafi.

Auta bai gaya wa Malama ba, wai kar a sa mata rai. Ni na gaya mata, ranar Talata da la'asar. Tana kwance fuska a bango, ɗakin yana warin man zafi.

"Gobe ƙarfe bakwai za a kwashe motocin mutumin nan," na ce. "Ni zan je kallo. Ke kwanta abinki, zan ba ki labari."

Ta ce, "Duka?"

"Duk wadda aka samu a titi."

"Ya sani?"

"Bai sani ba."

Sannan ta ce, "Yaya, jona mini dutsen guga. Shuɗin mayafina yana ƙasan akwati."

Ranar Laraba shida da kwata muna hanya. Sai ga matsala: sanarwar ta hau kan kowa, har mu. Na ce ya tsaya minti ɗaya a tsakiyar titi ya sauke mu a ƙofa. Ya ce ba a tsayawa a gefen motar da ta yi fakin.

"Auta, yau ma?"

"Yau musamman."

"Bar shi, Yaya," in ji Malama. "Shekara talatin ina fama. Kai mu kwana."

Ya ce ya aro keken guragu, yana bayan mota. Ta ce ba a keke mutumin nan zai gan ta ba.

Taku ɗari biyun nan ta taka, bayan mako biyar a gado. Ba abin sha'awa ba ne. Tana jan ƙafa, tana haɗa gumi, tana dafa motocin dillalin ɗaya bayan ɗaya, tana zagin ƙafar kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Minti ashirin da biyar. Sau biyu na ɗauka za ta faɗi. Muka zaunar da ita a benci na farko, mai kallon titi ta tsakanin ƙarafan shinge.

Bakwai daidai janwe uku suka shigo a jere, Sarkin Tsintsiya a gaba. Ban san ƙarar sarƙa tana da daɗi ba sai ranar. Aka ɗaga jar nan da Mai Makullai yake jingina da ita. Malama ta ce, "Ɗaya," da muryar aji.

An kai ta huɗu Mai Makullai ya iso a tasi, da silifas da rigar barci, wani ya buga masa waya. Ya yi kan Sarkin Tsintsiya yana ihu, ba a sanar da shi ba, zai kai ƙara, ya san mutane. Sarkin Tsintsiya ya je jikin turke ya sa biro ya ɗaga gefen ƙyallen. Jar takarda tana nan. Ya nuna masa hoton a waya, da kwanan wata.

Sai Mai Makullai ya ruga ya ceci abin da ya rage. Ga makulli biyar, ga mota biyar, amma mutum ɗaya mota ɗaya yake tuƙawa. Ya shiga wata fara ya fizge ta. To ina zai kai ta? Waɗanda aka hana titin lambu duk sun cike titunan baya. Muna zaune farar motar ta wuce ta gabanmu. Bayan minti huɗu ta sake wucewa. Yana zaga lambun, wuya a miƙe, yana leƙen ko wani zai fita, kuma duk zagayen da ya yi sai ya tarar an rage masa ɗaya. A zagaye na uku Malama ta ɗaga masa hannunta mai lafiya. Ƙarshe ya jefar da motar a bakin wata mashiga ya dawo a guje. Takwas aka ja.

Sannan motar wanki ta shigo. Direban ya sauke buroshi daidai ƙofa, ya saki ruwa, ya tafi a hankali. Baƙin ruwa ya gangara kwata, rawaya yana bin sa zare-zare. Ya ja baya ya sake bi. Da'irar tayar keken guragun ce ta fara fitowa, fara fat, sannan layukan gurbin duka biyu, kamar jiya aka zuba. Mutanen bakin shinge suka ɗauki sowa. Auta bai motsa ba. Sarkin Tsintsiya ya tsuguna ya ɗauki ɓawon rawayan, ya dubi ƙofar shagon. Launi ɗaya ne tsaf. Ya ciro waya ya kira wani ofis.

Mai Makullai ya lura da wanda ake ce wa Maigida. Ya shigo lambun jiƙe da gumi, ya rusuna gaban bencinmu.

"Baba, don girman Allah. Ashe mutanenka ne. Ka sa baki. Motocin nan rabi ba nawa ba ne, ba ni aka yi in sayar."

"Na yi ritaya," in ji Auta.

"Mama," ya juya wurin Malama, "ke uwa ce. Sharrin shaiɗan ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Je ka karɓo takardar can."

Ya ruga ya kawo.

"Karanta."

Ya fara, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, na baya ba sa ji."

Ya karanta ta tun daga sama har sa hannu, ƙaton mutum da rigar barci, mutum kusan talatin suna saurare. Ya yi tuntuɓe a layi ɗaya, ta sa ya maimaita.

"To," ta ce. "Ashe ka iya. Ba abin da zan ƙara maka. Tashi ka je."

Wasu sun ce mun yi tsanani, mutumin yana da iyali. Ni ban gani ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya same shi a ofis kan zanen layin bogi ban bi ba. Na dai san masu motoci sun karɓe kayansu, kuma masu yankan tikiti, da suka ga idon manya ya dawo titin, sun tuna cewa matsa gaba ba tashi ba ne. Malama kuwa ba ta koma benci na uku ba. Mako biyar ɗin nan sun ci abin da suka ci. Na biyu take kaiwa, likita ya ce a nan za a tsaya. Shi ya sa ba na jin tausayin kowa.

Bayan wata biyu ya tashi daga shagon. Ranar da yake kwashe kaya muka iso da safe, sai ga motar ɗaukar kaya ta haɗe gurbin biyu, ana loda tebur da kujeru. Gaskiya ba shi da wani wurin tsayawa, titi a cike yake. Ya hango mu ya ɗaga yatsa biyar, wai minti biyar.

Auta ya wuce ya fara zaga lambun. "Tafiya yake yi," ya ce a hankali. "Ƙarshensa ke nan."

"Da kati a gilashinsa?" in ji Malama.

"Babu."

"Yaya, lambar masu yankan tikiti tana cikin jakata, aljihun gefe."

Na kira. Muka zaga sau ɗaya, sau biyu. A na uku wata mai yankan tikiti tana tsaye gaban motar tana rubutu, Mai Makullai yana rungume da fanka yana yi mata bayani. A na huɗu wurin a buɗe yake. Auta ya shiga da baya, ya fito ya duba tayoyi, ya koma ya ɗan gyara. Sannan ya zagayo ya buɗe wa Malama ƙofa. Ta miƙo mini jaka ta ce in yi sauri in riga ta shiga, ga wata mata can tana neman zama a bencinta.